Yaro da zaƙi: me ya sa lemu ya fi jus ɗin lemu

Akwai wata magana da kusan duk mai ƙaramin yaro ta taɓa faɗa, ni ma na faɗe ta ba sau ɗaya ba sau biyu ba: "cinye abincinki tukuna sai in ba ki abin daɗi." Yarinya na zaune ta turo baki, cokali a hannu tana ta juya abincin kamar mai neman wani abu da ya ɓace a ciki, ke kuma kin gaji ga aiki jibge yana jiranki, sai ki jawo wannan alkawarin don dai a wuce wurin. Kuma a ranar yana aiki, shi ya sa muke ta komawa gare shi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne me wannan maganar take koya wa yaron, sannan shi kansa abin daɗin da muke miƙa masa mene ne.

Son zaƙi ba lalacewar tarbiyya ba ce, da shi aka haifi yaro. Tun a shekarun 1970 wani masani Jacob Steiner ya riƙa ɗiga wa jarirai sabbin haihuwa ruwa mai zaƙi da mai ɗaci a harshe yana kallon fuskarsu, in zaƙi ne fuska ta saki har da tanɗe baki, in ɗaci ne a yamutsa fuska a turo harshe waje, alhali ba wanda ya koya musu komai tukuna. Nonon uwa ma ai zaƙi gare shi, akwai wajen giram 7 na sukarin madara a duk mililita 100. Julie Mennella ta cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka ta nuna cewa yara sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi, abin da ke za ki ji ya yi miki yawa shi a bakinsa daidai ne. To kin ga yaƙi da wannan ɗabi'ar wahalar banza ce. Abin da yake hannunmu shi ne ta wace hanya zaƙin zai shiga bakinsa, da wane lokaci, da kuma matsayin da muka ba shi a wurin cin abinci.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan sukari, kuma abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne yadda ta raba sukarin gida biyu. Akwai wanda yake ɗaure a cikin ɗan itace yadda Allah Ya halicce shi, da na cikin madara, wannan ba shi ake ƙirgawa ba. Sai kuma sakakken sukari, wato wanda aka zuba da cokali a gida ko a masana'anta, da na zuma, da na jus ko da kuwa ke kika matse shi da hannunki ba ki sa komai ba. Wannan na biyun shi aka ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ma ya fi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2016 ta sa shi a ma'aunin da uwa za ta gane: daga shekara 2 zuwa sama kada sukarin da aka ƙara ya kai giram 25 a rana, wajen cokalin shayi 6 ke nan, ƙasa da shekara 2 kuwa kada a ƙara ko kaɗan.

Mutane da yawa nan suke tsayawa su ce to ai lemu lemu ne, mene ne bambancin in na ɓare na ba shi da in na matse? Bambancin babba ne wallahi. Lemu matsakaici ɗaya yana da sukari wajen giram 12 da faiba wajen giram 3, wannan tuƙar da ake taunawa. Sukarin yana ƙunshe ne a cikin 'yan ƙananan jakunkuna, sai haƙori ya fasa, ciki ya yi aiki, sannan ya riƙa shiga jini sannu a hankali, kuma kafin yaro ɗan shekara uku ya gama da lemu ɗaya ya ɗauki minti biyar ko fi, ya gaji da tauna, cikinsa ya gaya masa ya isa. Yanzu ki matse. Kafin ki cika kofi ɗaya sai kin kashe lemu biyu ko uku, tuƙar ta tafi kwandon shara, sukarin kofin ya haura giram 20, yaron kuma ya ɗaga kai ya shanye cikin daƙiƙa talatin ya miƙo kofi a ƙara. Ba zai taɓa iya cin lemu uku a zama ɗaya ba amma zai iya shanye su. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1 jus kwata-kwata, ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce wajen mililita 120 a rana, rabin kofi ke nan, ɗan 4 zuwa 6 kuma iyakarsa wajen 180.

Sai kuma maganar girman ciki, wadda ita ce ta fi sauya min tunani. Lissafin da masana ke amfani da shi shi ne cikin ƙaramin yaro yana ɗaukar wajen mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 ke nan cikinsa bai fi mililita 300 ba, kofi ɗaya da ɗan ɗoriya. In kika cika wannan ɗan wurin da ruwa mai zaƙi rabin awa kafin abinci, da me zai ci abincin? Sai mu ce yaron nan ba ya cin abinci, a shiga neman maganin ƙarin cin abinci, alhali ƙoshi ne ya hana shi. Wani yaron ma gudawa zai yi ta yi wadda ba ta da zazzaɓi ba ta da ciwo, musamman mai yawan shan jus ɗin tuffa, saboda hanjinsa ba ya iya tsotse duk irin sukarin da ke ciki sai ya jawo ruwa ya wuce, a rage jus ɗin kawai sai ki ga ta tsaya.

Markaɗe a bilenda yana tsakiya ne. Faiban bai tafi ba tunda ba a tace ba, amma taunar ta tafi, kuma abu ne mai sauƙi ki zuba ayaba biyu da mangwaro guda a kofi ɗaya ba ki lura ba. A Ingila har shi suke lissafawa cikin sakakken sukari, sun ce jus da markaɗen a haɗe kada su wuce mililita 150 a rana. Ni dai ra'ayina, in za a markaɗa a bar shi da kauri yadda sai da cokali za a sha, kada ya zama abin da za a zuƙa a kofi ana yawo. Jaririn da ya fara cin abinci a wata 6 dole a dame masa, wannan daban, amma shi ma kada a daɗe ana ba shi mai laushi sumul, a riƙa barin 'yan gudaji yana koyon tauna, zuwa wata 8 ko 9 ya fara ɗaukar yanka mai laushi da yatsunsa.

To me za a ba su? Abin da na fi yi shi ne ayabar da ta nuna sosai har ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, wadda da yawa ke zubarwa, alhali a lokacin ne sitacin cikinta ya rikiɗe ya koma sukari, ita ce mai zaƙin gaske. Ki ɓare ki yayyanka ki sa a firiza ta daskare, ki fito da ita ta ɗan huce minti biyar sannan ki markaɗa, da farko za ta yi kamar tsakuwa-tsakuwa ki ɗauka ba za ta yi ba, ki ci gaba, can sai ki ga ta haɗe ta yi santsi fari tas kamar askirim, ba madara ba sukari ba komai. In kin so ki jefa yankan mangwaro a ciki launin ya canja. Yogot marar sukari da dakakken mangwaro ko gwanda a kai shi ma abu ne na minti biyu, kuma yana da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Amma fa a duba jikin roba, don yogot ɗin da aka zana wa hoton 'ya'yan itace da launi mai kyau yawanci sukari ne aka tula masa, ki duba giram nawa aka rubuta ki raba da 4, abin da ya ba ki shi ne kusan yawan cokalin shayi. Tuffa in ta yi wa yaro tauri a fere a yanka a dafa da ɗan ruwa kaɗan da ɗigon kirfa har ta yi lugub, ƙamshin kaɗai ya isa ya jawo shi kicin. Kankana a cire 'ya'yan a yanka dogo-dogo yadda hannunsa zai riƙe. Fiya da ayaba a dame tare, wannan yana da maiƙo mai kyau wanda ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata, don ƙananan yara ba a rage musu maiƙo kamar manya.

Zuma kam ina roƙon kowace uwa ta riƙe wannan: ba a ba jaririn da bai cika wata 12 ba, ko lasa. Ba don ba ta da kyau ba, sai don takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri bai kai ba, ta tsiro a ciki ta saki dafin da ke kashe ƙarfin jijiyoyi, jariri ya fara da rashin yin kashi, tsotso ya yi rauni, kuka ya yi ƙasa, wuya ya saki, har ta kai ga numfashi. Ba kasafai take faruwa ba amma in ta faru sai asibiti. Bayan shekara 1 za a iya ba shi, sai dai a tuna a lissafi ita ma sukari ce. Dabino da zabibi su ma suna da amfani, kuma dabino ɗaya da aka jiƙa aka dame ya fi cokalin sukari nesa ba kusa ba, amma busasshen ɗan itace ruwansa ya fita sukarinsa ya taru wuri ɗaya, ga shi da manne wa haƙori.

Haƙori kuwa ba yawan sukari kaɗai ke cinye shi ba, yawan maimaitawa ya fi ɓarna. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki ƙwayoyin cutar da ke zaune a kan haƙori sai su ci su fitar da tsami, tsamin ya fara narkar da ɓawon haƙorin, sai yawu ya ɗauki wajen rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke ya gyara. Yaron da ya ci abin zaƙinsa tare da abinci sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari. Wanda kuwa yake yawo da kwalbar jus yana kurɓa tun safe, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Mafi muni a kwantar da shi da fida mai zaƙi a baki, don da barci yawu raguwa yake. Kada kuma a ce ai za su yi famfara, haƙoran farko su ke riƙe wa na dindindin wuri, na can ciki ma sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kuma duk wadda ta taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori ta san ba abin wasa ba ne.

Yanzu ɓangaren da aka fi mantawa, ɗan mahaɗin da ake ajiyewa a gefen babban abinci. Yawancin abin da ke cika farantin yaro hatsi ne ko wani abu mai sitaci, yana ba da ƙarfi da ƙoshi amma bai isa ba, kuma ɗan cokali biyu ko ukun nan na gefe shi ke ɗauke da abin da ya rage. Babban abin nema shi ne sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. Jariri yana zuwa duniya da ajiyarsa daga jikin uwa, ajiyar nan tana ƙarewa wajen wata 6, daidai lokacin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke girma da gudu, in ba a cike gurbin ba sai ƙarancin jini, yaro ya yi fari-fari ba kuzari ba son wasa. Nama da hanta da kifi su ne ayon ɗinsu ya fi saurin shiga jiki. Na wake da ganye yana da wuyar tsotsuwa, kuma a nan ne kayan marmari suke da wani aiki da ya wuce daɗin baki, don bitamin C yana taimaka wa hanji ya ja irin wannan ayon ɗin. Wato yankan lemu ko gwanda ko goba a gefen dafaffen wake ba ado ba ne, aiki suke yi tare, kuma sai an ci su a zama ɗaya aikin ke yiwuwa. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana riƙe ayon ya hana shi shiga, don haka bai dace da ƙaramin yaro ba balle a kan abinci.

Karas da kabewa da mangwaro da gwanda, duk mai launin ruwan lemu a ciki, da ganye mai duhun kore irin alayyafo, su ke ba da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A na ido da garkuwar jiki, shi kuma sai da ɗan maiƙo yake shiga, don haka ɗigon mai a kan dafaffen karas ya fi karas gaya. Mahaɗin ba ya buƙatar wata gwaninta. Ƙwai ɗaya a dafa ya dahu sosai a raba huɗu. Wake a dafa ya yi lugub a murƙushe da bayan cokali da ɗan mai. Kabewa a turara a dame. Kifi a ɓarɓasa da yatsa a tabbatar ba ƙaya, ki bi shi sau biyu. Gishiri a yi hannu-hannu da shi, ma'aunin hukumar lafiyar Ingila shi ne ƙasa da giram 1 a rana ga ɗan ƙasa da shekara 1, giram 2 ga ɗan 1 zuwa 3, giram 3 ga ɗan 4 zuwa 6, kuma dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne, mafi sauƙi ki ɗebi na yaro kafin ki sa wa na manya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna auna abincin ɗan wata 6 zuwa 23 da rukuni 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da danginsa, madara, nama ko kifi, ƙwai, kayan lambu da na marmari masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so ya samu aƙalla 5 a rana. Ki ƙirga na jiya ki gani, sau da yawa cokali biyu na wake da yankan gwanda ne ke ɗaga yaro daga 3 zuwa 5. Ga 'yan shekara 2 zuwa 5 kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 250 na kayan lambu da na marmari a rana.

Yanka ma ilimi ne. Maƙogwaron ƙaramin yaro siriri ne, kuma inabi guda daidai yake da bakin hanyar iska, ga santsi ga laushin da zai toshe ta ruf. A tsaga shi a tsaye gida huɗu, ba a kwance ba. Ɗanyen karas da ɗanyar tuffa a goga ko a dafa. Gyaɗa guda-guda da gugguru a jira sai ya kai shekara 5, amma markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka sassauta a cikin abinci tana da kyau tun da wuri, wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2015 ya nuna fara ta da wuri ya rage kamuwa da borin jinin gyaɗa da wajen kashi 80 cikin 100 a yaran da ke da haɗarinsa, sai dai yaron da ke da ƙyasbi mai tsanani ko ƙwai ya taɓa tayar masa da ƙuraje a fara ganin likita. A zaune zai ci, ba a guje ba, ba a kwance ba, kuma ido na kansa, don wanda ya ƙware yana tari da ƙarfi jikinsa na aiki ne, wanda abu ya shaƙe da gaske shiru yake yi. A wanke hannu da wuƙa da ɗan itacen kafin a yanka, ko da mai ɓawo ne irin kankana don wuƙar na jan dattin waje zuwa ciki, abin da aka yanka kuma kada ya wuce awa 2 a waje ba firij.

Mu koma kan maganar "cinye sai in ba ki." Leann Birch, wata masaniya a Amurka da ta shafe rayuwarta tana nazarin cin abincin yara, ta gwada wannan a farkon shekarun 1980. Abin da ta gani shi ne abincin da aka mayar lada ƙimarsa ƙaruwa take a idon yaro, wanda kuma aka ce sai ka ci shi za ka samu lada sai yaron ya ƙara ƙinsa. Wato da bakinmu muke gaya masa wake wahala ce, zaƙi ne sakamako. A 1999 ita da Jennifer Fisher suka nuna ɗaya gefen, abin da aka ajiye yaro na gani aka hana shi, kwaɗayinsa ƙaruwa yake, ranar da ya samu sai ya ci fiye da ƙima. Shi ya sa tsarin Ellyn Satter, wata masaniyar abinci a Amurka, ya kwanta min: ke ce mai zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, shi kuma yaron shi ke da ikon ko zai ci da nawa zai ci. Ƙin sabon abinci kuma ɗabi'a ce da ke tsananta tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau 8, 10, har 15 kafin ya karɓa, mu kuwa yawanci a karo na uku muke yanke hukuncin ba ya so.

Da na gane haka sai na daina ɓoye kayan marmarin sai an gama, na koma ajiye yanka uku ko huɗu a gefen farantin tun farko, daidai da sauran abinci, ba sharaɗi ba ciniki. Kwanakin farko ƙaramar tawa mangwaron take fara cinyewa ta ce a ƙara, in ce na yau ke nan gobe ma akwai, ta yi ɗan kukanta ta haƙura. Kabewar kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba, kullum cokali ɗaya nake sawa kullum in kwashe abina, ni dai ina cin tawa a gabanta ban ce mata uffan ba. Sai wata rana, an fi mako biyu ana haka, na juyo daga wanke hannu na tarar ta dangwala yankan mangwaro a cikin kabewar tana lasa, ta ɗan yamutsa fuska, ta sake dangwalawa. Ranar rabin cokali ta ci. Yanzu in ban sa ba ita ke nuna gefen farantin da yatsa ta ce "Mama, ina nawa?"